MAIKEL FARADAY, ƊAN MAƘERI WANDA YA KOYA WA KANSA

Duk wanda ya taɓa hawa keke mai fitilar dainamo da dare ya san abin mamakin nan. Ba kananzir, ba batir, ba ashana, sai wani ɗan ƙarfe mai kama da kwalba yana goga jikin taya. In ka taka da ƙarfi fitila ta yi haske, in ka sassauta ta dushe, in ka tsaya ta mutu. A cikin ɗan ƙarfen nan ba kome sai maganaɗisu yana juyawa kusa da wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe. Manyan injunan madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, da janareton da ke ƙugi a bayan majami'a ran Lahadi, duka bisa ga asirin nan ɗaya su ke aiki. Mutumin da ya fara bayyana shi ga duniya sunansa Maikel Faraday, Bature ne na Ingila, ɗan maƙeri, dattijon ekklesiya kuma.

Muna so mu ba da labarinsa a watan nan domin da yawa cikinmu da girma muka zo ga karatu, muna kuwa ganin ilmin halitta na waɗanda suka yi kwaleji ne kaɗai. Waɗansu kuma tsoronsa su ke ji, wai yana raba mutum da bangaskiya. Ga mutum wanda makarantarsa ba ta wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba, ya zama babban masani na zamaninsa, ya kuwa mutu yana riƙe da bangaskiyar da ya shaida tun yana ɗan shekara 29.

An haife shi ran 22 ga Satumba 1791 a wata unguwa kudu da kogin Landan. Ubansa Yakubu Faraday ya taso daga arewacin Ingila neman aiki, amma ba shi da koshin lafiya, sau da yawa ba ya iya tsayawa a maƙera yini guda. Su huɗu ne 'ya'yan, Maikel na uku. A shekarar 1801 abinci ya yi tsada ƙwarai a ƙasar, har aka riƙa ba yaron burodi guda ɗaya a ce ya yi mako da shi. Da ya kai shekara 13 aka kai shi kantin wani mai sayar da littattafai, George Riebau, ya zama ɗan aike, yana kai wa mutane jarida gida gida. Maigidan ya ga yaro mai hankali ne, sai a 1805 ya ɗauke shi koyon sana'ar ɗinkin littafi da sa bango, na shekara bakwai.

Yara da yawa sun yi sana'ar nan, littattafai dubbai sun bi ta hannunsu, ba su san abin da ke ciki ba. Maikel kuwa in ya ɗinka sai ya karanta. Littattafai uku ne suka gyara masa hanya. Na ɗaya wani babban kundi ne na sanin abubuwa da aka kawo gyara, a ciki ya sami dogon bayani a kan lantarki. Na biyu wata mace ce ta rubuta shi, Jane Marcet, tana koyar da ilmin sinadarai ta hanyar hira tsakanin malama da 'yan mata biyu. Bai yarda da maganarta haka kawai ba. Ya riƙa tara 'yan kwabbansa yana sayen kayan gwaji, yana jarraba abin da ta faɗa ɗaya ɗaya, ya ga ko gaskiya ne. Da ya ga gaskiya ne, ya girmama matar nan har iyakar ranta, bayan ya yi suna ma ya kan aika mata da rubuce-rubucensa.

Na ukun shi ya fi ba mu sha'awa, gama mai rubuta shi pasto ne, Ishaku Watts, wanda ya yi waƙoƙin sujada da yawa da Kirista ke rairawa har yau. Littafin a kan yadda mutum zai kyautata hankalinsa ne. Shawarar Watts ba ta da wuya: mutum ya ajiye ɗan littafi yana rubuta abin da ya koya, ya je wurin masu koyarwa ya saurara, ya nemi abokan da za su riƙa tattaunawa da rubuta wa juna wasiƙa, ya kuma yi hankali kada ya ga abu sau ɗaya ko biyu ya ce haka ya ke kullum. Maikel ya ɗauki shawarar nan kamar yadda a ke ɗaukar maganin likita. Ya sayi littafin rubutu. A 1810 ya fara zuwa laccar da wani maƙerin azurfa, John Tatum, ke yi a gidansa da maraice, kuɗin shiga sule ɗaya. Wansa Robert, wanda ya gaji maƙera, shi ya riƙa ba shi sulen. A shekaran nan ne kuma ubansu ya rasu. Ba a cika tunawa da Robert ba in ana labarin ƙanensa, amma mu muna ganin ladan sulallan nan ba ƙarami ba ne.

A 1812 wani mai ciniki a kantin ya ga irin rubutun da yaron ke yi, ya ba shi takardar shiga lacca huɗu ta Humphry Davy a wani gidan ilmi da a ke kira Royal Institution. Davy shi ne shahararren masanin sinadarai na Ingila a lokacin, manyan gari su kan cika ɗakin don su ji shi. Maikel ya zauna can sama, ya rubuta kome, ya koma gida ya sake rubutawa da kyau, ya zana kayan aikin, ya ɗinke shi littafi mai shafi fiye da 300. Sa'an nan ya aika wa Davy, da wasiƙar roƙon aiki ko wane iri ne. Kafin wannan ya riga ya rubuta wa shugaban babbar ƙungiyar masana ta ƙasar, wadda a ke kira Royal Society, ko amsa bai samu ba. Davy ya amsa da kirki, amma ya shawarce shi kada ya saki sana'arsa, gama ilmi ba ya cika aljihu. Ba a daɗe ba mai taimako a ɗakin gwaji ya yi faɗa da wani, aka kore shi. A watan Maris 1813 aka kira Maikel, aka ba shi aikin wanke kwalabe da shirya kayan lacca, albashi sule 25 a mako, da ɗaki a saman bene.

A watan Oktoba na shekaran nan Davy ya tashi tafiya zuwa Faransa da Italiya da Suwizalan, ya tafi da shi. Baran da zai bi su ya fasa, sai aka roƙi Maikel ya riƙe aikin bara kafin a sami wani, abin kuwa ya ja. Matar Davy mai girman kai ce, ta riƙa nuna masa matsayinsa, a wurin cin abinci da wurin zama a keken doki. Wasiƙunsa zuwa gida sun nuna abin ya ci masa rai, har ya yi tunanin komawa ɗinkin littafi. Ya daure wata goma sha takwas. A cikin tafiyan nan ya ga Ampère a Faris, ya ga Volta, tsohon da ya ƙirƙiro batir, ya kuma tsaya kusa sa'ad da Davy ya ƙone dutsen daimon a birnin Florence da babban gilashi mai tara hasken rana, ya nuna cewa daimon da gawayi asalinsu ɗaya ne. Tafiyan nan ita ce kwalejinsa, wulakancin kuwa shi ne kuɗin makaranta.

Yanzu sai mu yi maganar ekklesiyarsa, gama ba za a gane mutumin ba sai da ita. Iyayensa 'yan wata ƙaramar ɗarika ce da ta fito daga Sikotilan, wadda John Glas ya fara, surukinsa Robert Sandeman ya yaɗa ta, har aka riƙa kiransu da sunansa. Ba su da pasto mai albashi, dattawa ne ke koyarwa. Su kan yini a sujada ran Lahadi, su ci abinci tare tsakanin sujadar safe da ta yamma, su ci Jibin Ubangiji kowane mako, su kan wanke wa juna ƙafa. Sun ɗauki gargaɗin Ubangiji a kan tara dukiya a duniya, na cikin Matta sura 6, kamar doka ce a kansu. Ran 12 ga Yuni 1821 Maikel ya auri Saratu Barnard, 'yar wani dattijonsu, bayan wata guda kuma ya tsaya gaban jama'a ya shaida bangaskiyarsa. Allah bai ba su haihuwa ba. Sun riƙe 'ya'yan 'yan'uwa, sun zauna lafiya shekara 46.

Ba kome na ɗarikar nan za mu yaba ba. Ba su fita wa'azi, ba su aika da masu bishara, suna kuwa saurin fitar da mutum in ya saɓa wa ra'ayin jama'a. Garken da ba ya haihuwa ƙarewa ya ke yi, haka kuwa ya faru: majami'arsu ta Landan an rufe ta a 1984. Amma a wajen gudun duniya da kula da matalautansu, sun isa su ba mu kunya.

A 1820 wani malami a Denmak, Oersted, ya lura cewa in lantarki na bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa ta kan juya. Masana duka suka ruɗe, gama dā ana tsammani lantarki dabam, maganaɗisu dabam. Faraday ya bi al'adarsa, ya sake yin kowane gwaji da hannunsa. A watan Satumba 1821 ya kafa sandan maganaɗisu tsaye a cikin kwanon zaiba, ya rataya waya daga sama bakinta na taɓa zaibar, ya haɗa da batir. Sai waya ta kama kewaya maganaɗisu, ba ta tsaya ba sai da aka cire batir. Kakan dukan injunan da lantarki ke juyawa ke nan, daga fanka har injin niƙa. Murnarsa ba ta daɗe ba. Ya yi hanzarin bugawa bai ambaci wani babban masani, Wollaston, wanda ya taɓa gwada abu mai kama da wannan bai yi nasara ba, sai aka fara raɗe-raɗin wai sata ya yi. Wollaston kansa bai riƙe shi a zuciya ba, amma Davy ya huce a kan yaronsa. Sa'ad da aka kawo sunan Faraday don shiga Royal Society, Davy ne shugaba, ya kuwa nemi a janye sunan. An zaɓe shi duk da haka a 1824, ƙuri'a ɗaya tak ta ƙi shi. Maigida ya ga yaronsa zai wuce shi, abin da ba sabo ba ne ko a cikin ekklesiya. Faraday bai rama ba, ya ci gaba da girmama sunan Davy bayan mutuwarsa a 1829.

Tambayar da ta tsaya masa a rai ita ce, tun da lantarki na haifar da ƙarfin maganaɗisu, ashe maganaɗisu ba zai haifar da lantarki ba? Ya gwada sau da dama cikin shekara goma, bai ga kome ba. Ya kan ajiye maganaɗisu kusa da waya, ya zuba ido ga allura, allura ba ta motsi. Ran 29 ga Agusta 1831 ya ɗauki zoben ƙarfe mai faɗin inci shida, ya naɗa waya a gefe ɗaya, ya naɗa wata a ɗaya gefen, ba su taɓa juna. Ta farko ya haɗa da batir, ta biyun ya bi da ita ta kan allurar kamfas. A daidai lokacin da ya haɗa batir allura ta yi firgigit, sa'an nan ta koma ta kwanta. Da ya cire, ta sake zabura, amma ta ɗaya wajen. Wani da ya ce hannunsa ne ya girgiza tebur. Shi kuwa ya gane abin da ya ɓace masa shekara goma: maganaɗisu a zaune ba ya ba da kome, sai ƙarfinsa na sakewa, ko yana ƙaruwa ko yana raguwa. Ran 17 ga Oktoba ya tura sandan maganaɗisu cikin naɗin waya, allura ta motsa. Ya zaro, ta motsa baya. Kafin watan ya ƙare ya juya faifan jan ƙarfe tsakanin bakunan babban maganaɗisu, ya sami lantarki mai gudu ba yankewa. Shi ya sa fitilar keke ke mutuwa in an tsaya. Wani masani a Amurka, Joseph Henry, ya gano irin wannan a wajen lokacin, amma Faraday ya riga shi bugawa.

Lissafinsa bai yi nisa ba, abin ya kan dame shi, gama masanan Faransa da lissafi su ke magana. Sai ya dogara ga idonsa. Ya kan barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda, ya sa maganaɗisu a ƙarƙashi, ya ga garin ya jeru layi layi, yana lanƙwasa daga baki ɗaya zuwa ɗayan. Mai karatu na iya gwada wannan da kansa: a roƙi garin zarto a maƙera, a ciro maganaɗisu daga tsohuwar rediyo. Faraday ya ce layukan nan ba zane ba ne kawai, wani abu ne na gaske da ke cike sararin da mu ke gani kamar wofi. Manyan masana suka ɗauka wannan tunanin wanda bai yi makaranta ba ne. Sai wani saurayi ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, mai tsoron Allah shi ma, gwanin lissafi, ya mai da layukan Faraday lissafi, ya kuwa nuna a 1865 cewa haske kansa igiyar lantarki da maganaɗisu ne. Daga nan hanyar rediyo ta buɗe.

Bayan 1831 ya zo mararraba. Masu masana'antu da kotuna su kan biya shi don ya auna musu kaya, abokinsa Tyndall ya ce a 1830 abin da ya samu ta nan ya wuce fam 1,000, alhali albashinsa fam 100 ne a shekara, da gida da gawayi da kyandir. Da ya bi hanyan nan da ya mutu attajiri. Ya saki aikin kuɗin kaɗan kaɗan har ya bari, domin ya sami lokacin bincike. Aikin da ya riƙe na waje shi ne na ceton rai: daga 1836 har shekara kusan 30 yana ba da shawara a kan fitilun hasumiyoyin bakin teku da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, yana hawa su da kansa har da tsufansa. A 1844 da ramin kwal na Haswell ya fashe ya kashe mutum 95, gwamnati ta aike shi bincike, ya nuna cewa ƙurar kwal na ƙara wa wutar ƙarfi. An yi shekaru ba a kula da maganarsa ba.

Kada mu zaci mutum ne marar zafi. Waɗanda suka san shi sun ce wuta ce a cikinsa, horon kai ne ya rufe ta. A 1835 aka shirya ba shi fansho, ya je wurin Firayim Minista, Lord Melbourne, shi kuwa ya yi maganar raini a kan ba masana irin kuɗin nan. Faraday ya koma gida ya rubuta cewa ba ya so. Bai karɓa ba sai da babban mutumin nan ya rubuto ya nemi gafara.

Aiki ya ci ƙarfinsa. A ƙarshen 1839 jiri ya kama shi, mantuwa ta yi masa yawa, ya yi shekaru ba ya iya dogon bincike. A cikin shekarun nan aka naɗa shi dattijo a 1840, yana wa'azi in layinsa ya zo. A 1844 kuma aka fitar da shi daga zumunta tare da waɗansu. An daɗe ana cewa wai don ya amsa gayyatar Sarauniya ran Lahadi ne, amma masu binciken takardun ekklesiyar sun nuna gardama ce ta tashi a kan sha'anin horo. Mutumin da sarakunan Turai ke aika wa lambar girma ya sunkuyar da kai gaban 'yan tsirarun masu sana'a, aka karɓe shi bayan 'yan makonni. Dattijantaka kuwa ba a mayar masa ba sai 1860. A 1845 ya koma ɗakin gwaji, ya ɗauko wani guntun gilashi mai nauyi, ragowar wani aikin shekara biyar da bai yi nasara ba, da shi ya nuna cewa maganaɗisu na iya murɗa haske.

Wani abu ya faru a 1853 da ya kamata mu tsaya a kansa. Wata al'ada ta shigo Ingila daga Amurka: mutane su kewaye tebur, su ɗora hannuwa, bayan an jima tebur ya fara juyawa. Waɗansu suka ce kurwar matattu ce, waɗansu suka ce Shaiɗan ne, waɗansu suka ce lantarki ne, aka dami Faraday da wasiƙu. Bai yi musu dariya daga nesa ba. Ya nemi mutane masu gaskiya da suka ce tebur na juya musu, ya zauna da su. Ya jera kwalaye a kan juna, ya manna su da ɗanko mai taushi, ya sa tsakanin hannuwansu da tebur. Bayan tebur ya motsa ya duba, ya tarar kwalin sama ya fi na ƙasa gusawa, wajen da tebur ya nufa. Ashe hannu ne ke gaba, tebur na biye. Sa'an nan ya haɗa wani dogon tsinken ciyawa da zai karkata in an tura ko kaɗan. In an ɓoye tsinken, sai ya karkata, tebur ya tafi. In an bar su suna kallonsa, tebur ba ya motsi ko kaɗan, gama da sun ga ya fara karkata sai su gyara hannu. Bai ce maƙaryata ne ba. Ya ce hannun da ya daɗe a danne ya kan gaji ya daina sanin abin da ya ke yi, sai ya bi abin da zuciya ke sa rai, mai hannun bai sani ba.

Ba mu ce ba miyagun ruhohi ba, Littafi Mai Tsarki ya yi maganarsu, ya kuma hana mu neman matattu a Kubawar Shari'a sura 18. Amma Yohanna ya umurce mu mu gwada ruhohi, Irmiya kuma a sura 17 ya faɗa mana irin rikicin zuciyar mutum. Sau nawa a kan ga sanda ko ƙwarya ta ja mai riƙe da ita zuwa ƙofar wanda tun dā a ke zargi da sata ko maita? Mai riƙon na iya rantsuwa bai ja ba, yana kuwa faɗin iyakar saninsa. A kan irin wannan a kan kori tsohuwa daga gari. Faraday ya sha zagi a kan maganan nan. A 1854 ya yi lacca gaban mijin Sarauniya, ya ce babban abin da ya rasa a ilmin mutane shi ne horar da hankali, gama kowa na saurin gaskata abin da ya ke so ya zama gaskiya, shi kansa ma haka. A laccan nan ya raba abu biyu: abubuwan halitta da gwaji a ke sanin su, rai madawwami kuwa ba wayon mutum ke kai shi gare shi ba, sai ta karɓar shaidar da Allah ya bayar. Ya ambaci Romawa sura 1, inda Bulus ya ce halitta na nuna ikon Mahaliccinta.

Ya iya koyarwa ƙwarai. Ya kafa laccar daren Jumma'a domin manya, ya kuma yi wa yara laccar lokacin Kirsimati sau 19. Wadda aka fi sani a kan kyandir ce, an buga ta littafi a 1861. Lacca shida a kan kyandir guda! Ya kan nuna musu yadda iska mai sanyi da ke hawowa ta gefe ke hana bakin kyandir narkewa, har ya zama ɗan ƙoƙo mai riƙe da narkakken mai. Man na hawa ta lagwani kamar yadda ruwa ke hawa tsumman da aka tsoma bakinsa a kwano. Ba man ne ke ci ba, tururinsa ne: a hura kyandir, a kawo ashana mai ci kusa da farin hayaƙin nan, sai wuta ta bi hayaƙin ta koma kan lagwani. Tsakiyar harshen wuta duhu ne, gama iska ba ta kai can, zafin a gefe ya ke. Hasken kuwa daga ƙananan ƙwayoyin gawayi ne da suka yi ja wur. A sa cokali cikin wutar, ga su nan baƙi ƙirin. A kifa kofin gilashi mai sanyi a bisa, sai ya yi raɓa, gama wuta na haifar da ruwa. Daga ƙarshe ya kan nuna cewa iskar da kyandir ke fitarwa ita ce mu ke fitarwa in mun numfasa, domin abincinmu ma ci ya ke yi a jiki a hankali, itatuwa kuma su sha iskan nan su mayar mana da mai kyau. Duk wannan ana iya gwada yawancinsa a ɗaki da kyandir ɗaya.

Haka kuma a Yuli 1855, da ya bi kogin Landan cikin jirgi ya ji wari, bai tsaya ga toshe hanci ba. Ya yayyaga farin kati yana jefawa, ya ga kafin guntun ya nutse inci ɗaya ya ɓace don ƙazantar ruwan, ya rubuta wa jarida gargaɗi. Ba a yi kome ba sai 1858, da wari ya dami 'yan majalisa a zaurensu, sa'an nan aka ba da kuɗin gina manyan magudanai.

A 1857 aka roƙe shi ya zama shugaban Royal Society, kujerar da Davy ya zauna a kai, ya ƙi. Mantuwa na ƙaruwa, ya kuwa san haka. Tun 1832 ya ke sa wa kowane sakin layi na littafin gwajinsa lamba, nasara da rashin nasara duka, har lambar ta kai 16,041 a 1860. Gwajinsa na ƙarshe, a Maris 1862, bai ba da kome ba, ya rubuta haka. Bayan shekara 34 wani masani a Holan, Zeeman, ya sake shi da kayan da suka fi kyau, ya ga abin da tsohon ya nema. Ya ajiye ayyukansa ɗaya ɗaya da kansa, dattijantakar ekklesiya ma ya sauka a 1864. Littafinsa Mai Tsarki na nan har yau da alamun da ya yi a gefen shafi, littafin Ayuba na cikin inda suka fi yawa.

Sarauniya Biktoriya ta ba shi gida a Hampton Court a 1858. A can ya ƙare kwanakinsa, yawanci a zaune shiru bakin taga, Saratu da wata 'yar ɗan'uwanta suna jiyyarsa. Ya rasu a kujerarsa ran 25 ga Agusta 1867, saura kaɗan ya cika shekara 76. Bisa ga roƙonsa, dangi da 'yan abokai kaɗan ne suka raka shi makabartar Highgate, aka binne shi a sashen waɗanda ba na ekklesiyar gwamnati ba. A kan dutsen aka rubuta sunansa, da ranar haihuwa, da ranar mutuwa. Saratu ta bi shi a 1879, aka sa ta a kabari ɗaya da shi.